Goma Na Tsaye, Ɗaya Na Kwance

Sha ɗaya ne bisa kantar ɗakina.
Ba su cin harawa, ba su shan dusa,
ba mai neman kanwa, ba mai tsinke turke.
Da gashin zabo nake share musu baya
kowace safiya, tun rana ba ta fusata ba.

Yumɓun daga bakin Rima anka ɗebo shi.
Jelani na Rumbukawa, mai ginin tukwane,
shi ke murzawa, ni ina tsaye kansa da gardama:
"Ƙara mai wuya. Rage mai tumbi.
Wanga ba jakin kai taki gona ba ne,
kofi ukku ya ci a filin sukuwa."
Sai ya ja tsaki, ya gyara goro a kunci, ya sake.

Ga Ba-Sulhu, akawal ɗin Alhaji Modi,
da ya cije ni a kafaɗa wata Laraba;
har yau in hadari ya haɗu, wurin na gaishe ni.
Ga Ɗan Illela, bidi, mai tsoron farar takarda.
Ga Sai-Gobe, ba ya tashi sai an fidda rai,
sannan ya bi su kamar mai bin bashi.
Sirdinsu guntayen fatar jar akuya
da na roƙo wurin dukawa,
linzami kuwa wayar mataccen rediyo.

Kulu ta ce tsufa ya maishe ni ɗan yaye.
Na ce mata, mai shanu na ƙidayar shanunsa,
ni abin da na hau nake ƙidaya.

Ɗaya ce ta gagara.
Tsattsewa.
Goɗiya gunya, goshinta kamar an ɗiga nono.
Sau shida Jelani na gina ta,
sau shida ina girgiza kai.
Kunnen ya yi, gezar ta yi, har lanƙwasar wutsiya.
Ya ce, "Sahabi, to mi ya rage?"
Ban da amsa.
Don kunya na biya ta shidan, na kawo gida,
na aje ta can ƙarshen kanta,
tsaye ƙyam kan ƙafa huɗu lafiyayyu
kamar baƙuwar da ta ɓata hanya.

Ran nan, tsakar bazara, an ɗauke wuta,
ko ganyen dogon yaro bai motsi,
Haliru jikana ya faɗo ɗaki a guje
yana korar ƙadangare.
Gwiwar hannunsa ta taɓa kanta.

Ƙas.

Ba wata ƙara ce mai yawa ba.
Irinta na ji a kwanar ƙarshe
shekara talatin da huɗu da sunka wuce,
muna gaba da tsawon doki biyu,
mutane sun miƙe, huluna na tashi sama,
ina raɗa mata a kunne, saura kaɗan, ɗiyata,
sai ƙasa ta taso ta tarbe mu.

Na duƙa da wagga ƙafa tawa da ba ta lanƙwasuwa.
Ta gaba, ta dama, ƙasa da gwiwa.
Daidai wurin.

Yaron ya dafe kai yana jiran mari.
Kulu ta leƙo, ta ce a nemo danƙo a liƙa.
Na ce a bari.

Na kwantar da ita bisa haƙarƙarinta,
wuya miƙe, hanci na duban gabas,
yadda na bar ta ran da anka ɗauke ni a kan ƙyaure
ina waige, tana bina da ido.
Sai ga ta. Ita ce.
Abin da Jelani ya kasa da yatsu goma
yaro ya gama shi da gwiwar hannu.

Guntun ƙafar na cikin aljihun rigata,
tare da carbi da canjin cefane.
Gashin zabon kuwa na ba Haliru.
Goma na tsaye, ya share su yadda ya so.
Ta kwancen, na ce, sannu-sannu,
ka fara daga goshi,
kuma ka yi mata magana kafin ka taɓa ta.